Motar Malam Mai Gado

Kurmin Kogi, Ikara,
9 ga Agusta.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukarki da duk mutanen gidanku na Gazara. Yaya nauyin jiki? Kina samun cin abinci kuwa?

Mu nan ga yadda muke. Babanki lafiya, in ban da gwiwarsa ta hagu da ke tashi duk lokacin da hadari ya haɗu, kwana biyun nan a zaune yake salla. Idonsa ma yana raguwa, amma ba ya son a faɗa. Ƙanwarki Mukarrama ta yi zazzaɓi kwana huɗu, ta warke, har ta koma Islamiyya. Goggo Zubaida tarinta na nan yadda kika san shi. Akuyarki mai baƙin kunne ta haifi biyu. Ni ba inda ke mini ciwo, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Kada ki yi mamakin rubutun, hannuna ne, ba wanda ya rubuta mini. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci na matan unguwarmu. Sunana kaɗai sai da ya ci mini wata guda, malamarmu ta ce wanda ya raɗa mini shi bai ji tausayin fensir ba. In kin kira wayar babanki ya miƙo mini, daga lafiya lau sai madalla, bakina ya ƙare. Ke ce ta fari, ban saba magana da ke ido da ido ba, ko sunanki ban taɓa kamawa ba. Takarda kuwa ba ta kallon mutum.

Maƙwabciyarmu Mero, wadda ke kai daddawa kasuwar Makarfi, ita ta gaya mini cikinki ya shiga wata bakwai. A bakinta na ji, ba a naki ba. Ban ga laifinki ba.

Kin tuna motar babanki, tsohuwar bas ɗin nan da ya sa wa gado da kabad da risho, lokacin da yake malamin dabbobi yana kwana a rugage? Shekara biyu ke nan tana tsaye a kangon bayan gida, tun ranar da muka ɗauko ki a cikinta da wancan cikin, wanda Allah bai sa ya zauna ba. Ba wanda ya ƙara kunna ta. Kaji sun mai da ƙarƙashin gadon akurki.

Ran Litinin na roƙi babanki ya gyara ta. Bai tambaye ni dalili ba, hularsa kawai ya gyara. Kawunki Iliyasu ya kawo batir, da tari da hayaƙi ta tashi. Amma da babanki ya danna gefenta na baya ya saki, sai ta yi ta rawa sama da ƙasa har sau huɗu kafin ta tsaya. Ya ce shakazoba sun mutu. Ya nuna mini su, ƙarafa ne huɗu kamar taɓarya gajera, ɗaya a bayan kowace taya, su ke shanye jijjigar hanya kada ta kai ga wanda ke ciki. Man da ke cikinsu ya tsiyaye tuntuni, ƙasa ta daskare a kai. Ya ce ko a waccan tafiyar ma a mace suke. Da ya faɗi haka sai na koma madafa, ban ƙara fitowa ba sai la'asar.

Abin da nake so ke nan. Haihuwar fari a gida ake yi, uwa ce ke dafa ruwan wanka. Waccan ba mu samu ba. Ina so a gyara motar nan sosai, ki kwanta a gadon, a kawo mini ke a hankali. Na share ɗakinki, na sa an toshe inda yake yoyo.

Ki gaida maigidanki da kyau. Mero za ta jira amsa ran Laraba, ranar kasuwa.

Ni ce innarki,
Halimatusa'adiya.


Kurmin Kogi, Ikara,
23 ga Agusta.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum, tare da fatan kin tashi lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi, Allah ya raba lafiya. Mu duk da sauƙi. Gwiwar babanki ta ɗan saki, Goggo Zubaida ce ta kwana biyu a kwance.

Kasuwa biyu Mero tana dawowa hannu wofi. Ta ce ta ba ƙanwar mijinki takardar hannu da hannu. Duk ranar kasuwa tun azahar nake zama kusa da zaure da tsintar shinkafa, wadda ba ta buƙatar tsinta.

Aikin mota a gida muke yin sa, don babanki ya ce ba bakaniken da zai taɓa masa ita. Da farko kawunki ya sayo shakazoba daga Zariya, ya ce duk bas ɗaya ce. Da aka gwada sai ga su gajeru. Babanki ya ce wannan ba bas ɗin haya ba ce, gado da kabad sun yi mata nauyi a baya, dole sai irin nata. Suka yi ta musu, kawunki yana cewa ai motar ta girmi Mukarrama da ke duka, a sayar wa 'yan gwangwan a huta. Babanki ya ce shi ma ai ya girme ku, ba a sayar da shi ba.

A jikin tsohon akwai lamba, amma idon babanki ba ya gani. Ni na goge wurin da tsumma da kananzir, na kwafe ta a takarda, harafi uku da lamba shida, na duba sau uku. Da ita kawunki ya koma, ya samo daidai. Daga baya na ji babanki a ƙofar gida yana gaya wa liman cewa ni na kwafo lambar.

Mun ɗaga bayanta da jak. Babanki ya ce ba a yarda da jak kaɗai in mutum zai shiga ƙarƙashi, sai muka mirgino tsohon turmin gawo na kakarki muka tokare ta da shi. Mero ta leƙo ta katanga ta ce yau ta ga abin da ba ta taɓa gani ba, turmi ya zama makaniki, matar gida ta zama 'yar gareji. Ina zaune a tabarma, shi yana kwance a kan buhu, yana kiran lambar sifana ina karantawa ina miƙa masa. Noti uku sun kwance. Na huɗu tsatsa ta cinye shi, ya ƙi. Kwana uku ke nan ina ɗiga masa kananzir safe da yamma, kamar mai ba marar lafiya magani.

Yanzu ga abin da ya sa na koyi karatu, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba, har babanki. Waccan shekarar da na raka ki awo, bayan kin fita, ma'aikaciyar asibitin ta rubuta wata 'yar takarda ta ce in ba maigidanki. Na ɗauka sunan magani ne, magani kuwa mun riga mun karɓa. Kunyar miƙa wa suruki takarda ta kama ni, kunyar in ce a karanta mini ta fi ta. Na naɗe ta na jefa cikin kwallar kayana. Bayan kwana biyar na matsa a ɗauko ki, ana tsakiyar ruwa, hanya duk ramuka. Maigidanki ya so a jira, na ce al'ada ce. Kin san sauran. Ina riƙe da kanki a cinyata, duk ramin da muka faɗa ina jin sa a jikinki.

Bayan haka takardar ta hana ni sukuni, amma na kasa ba kowa ya karanta. Sai na shiga aji. Wata tara na yi kafin na iya haɗa ta da kaina. Layi biyu ne da Hausa. An rubuta cewa ki kwanta ki huta, kada a ɗora ki a mota ko babur sai bayan wata ɗaya.

Na san kwana idan ya ƙare ya ƙare, malamai sun faɗa, na yarda. Amma takardar a hannuna take. Ga ta nan na sa miki a ciki, ki nuna wa maigidanki, tasa ce tun farko. Ki yafe mini in za ki iya. In ba za ki iya yanzu ba, zan jira.

Ni ce innarki,
Halimatusa'adiya.


Kurmin Kogi, Ikara,
6 ga Satumba.

Zuwa ga 'yata Khairiyya,

Assalamu alaikum. Kin ga na rubuta shi. Na daɗe ina kallonsa a kan takardar kafin na ci gaba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da surukarki. Goggo Zubaida ta miƙe. Mukarrama tana gaishe ki. Babanki ya ɓare yatsa a wajen aiki, ya warke. Masara ta nuna, an fara gasawa.

Notin nan ya kwance ranar kwana na biyar. Babanki ya zura dogon bututu a hannun sifana, ya ce in hau. Na kama ƙofar mota na taka da ƙafa biyu, sai ji muka yi ƙas, ya juya. Ya ce yau tuwon shekara talatin da yake ciyar da ni ya yi rana. Na yi dariya har da hawaye, daga baya kuma hawayen suka ƙi tsayawa. A nan ƙarƙashin mota na gaya masa zancen takardar. Ya daɗe bai fito ba. Da ya fito ya ce shi ma ya san ƙarafan sun mutu ranar, ya tuƙa a haka. Ashe kowannenmu shekara biyu yana ɗauke da nasa, muna cin abinci a gida ɗaya.

Mun sa sababbi duka huɗu, don ya ce ba a canja ɗaya a bar ɗan'uwansa. Bai ƙarasa ɗaure su ba sai da aka sauke motar ta tsaya da ƙafafunta. Ya danna ta, ta sauka ta taso sau ɗaya ta tsaya cak. Ban yarda ba duk da haka. Na cika ƙwarya da ruwa saura yatsa biyu, na ɗora a tsakiyar gadon, kawunki ya tuƙa mu hanyar Paki muka dawo. Ina zaune ina kallon ƙwaryar. Ruwan ya yi ta motsi, amma bai zuba ba sai sau ɗaya, a gangaren rafi, ya jiƙa zanen gado kamar faɗin tafin hannu.

Kawunki ya ce ai wannan ba komai ba ne. Ni kuwa wannan jiƙon nake ta kallo har muka iso gida.

Ran Laraba maigidanki ya kira babanki. Ya gaishe shi da ladabi, ya ce ya ga takardar, ba ya riƙe da kowa, amma ba za ki hau mota ba sai kin haihu. Babanki ya zaci zan yi fushi. Gaskiya ce maigidanki ya faɗa. Ko ƙwaryar ba ta zuba ba, bai kamata in roƙa ba. Na janye maganar wasiƙata ta farko, ki zauna inda kike.

Amma ga wata shawara. Kin san ba zan iya kwana a gidan suruki ba, ba a yi, kuma ba zan fara ba. To motar nan tana da gado da risho da ƙofa mai rufuwa. Babanki ya shekara ashirin yana kwana a cikinta saboda shanun mutane. Ni kwana arba'in kawai nake nema. A ajiye ta a ƙarƙashin mangwaron da ke bayan katangarku, in shigo da safe in hura wuta, in dafa miki ruwa, in yi miki wanka, in dama kunun kanwa, da yamma in koma ɗakina mai taya. Ba zan sa baki a harkar gidanku ba. Mero ta ce duk Gazara za a yi mini dariya. Na ce su yi, ina jin su daga kan gado.

Na tara itacen wanka tun watan jiya, na wanke babbar tukunya, na ɗinka labule na sa a tagogin motar. Kajin ma na kore su, suna ta zagaye suna mini ƙorafi. Babanki ya yarda, Goggo Zubaida za ta riƙe gida.

Saura izininki da na maigidanki da na surukarki. Idon babanki ba zai kai Gazara ba, kawunki ne zai tuƙa ni, shi kuma daga Alhamis sha takwas ga wata zai fara jigilar masara, ba zai ƙara samun kansa ba sai bayan kaka. Don Allah ki ba ni amsa kafin Laraba, sha bakwai ga wata. Ba sai kin cika takarda ba. In kin rubuta zo, ya isa, zan iya karanta shi tun Mero tana bakin zaure. In kuma a'a ce, ita ma ki rubuta da hannunki, ina so in ga hannun.

Allah ya sauke ki lafiya, ya raya abin da za ki haifa. Kayana suna ɗaure a kan gadon motar.

Ni ce innarki mai jiran Laraba,
Halimatusa'adiya.