Ƙofar da Na Zana wa Yayanki

Madawa, ranar Litinin

Zuwa ga Tabawa, gawona mai ganye a tsakiyar rani, ruwan randar da ke sanyaya mini ƙirji, hasken da Allah ya ajiye a tsakar gidana shekara arba'in da ɗaya,

Ina gaishe ki da gaisuwar da ta fi rumbun Adar cika. Ya sanyin idona, ya zumar da ba ta taɓa ginsata ba, yaya kika iya kwana sittin a Karofan ba ki waiwayo ba? Ƙasar can ta fi tamu laushi ne? Tun ranar da kika shiga mato kika tafi jinyar yayanki Idris, furar gidan nan ta zama gasara a bakina, tabarmata ta yi mini faɗi. Awakinki kan tsaya bakin ɗakinki da hantsi suna kuka, ni ma ba don kunyar rawani ba da na tsaya cikinsu.

Amma yau murna ce ta sa ni ɗaukar alƙalami. Kin ji a waya cewa Rabi'atu, matar autanmu Zaharaddini, ta sauka lafiya, sai dai waya ba ta ɗauko ƙamshin jariri. Jiya aka yanka rago. Sunanki na sa aka raɗa mata, uwarta kuma ba ta iya kiran sunan surukarta, saboda haka Adawiyya ake ce mata. Tabawa, da kin ga yarinyar nan! Goshinki ne, haɓarki ce, har yadda take tsuke baki in an tashe ta daga barci. Da ta riƙe mini yatsa na yi ta dariya ni kaɗai kamar wanda ya zare, sai da liman ya dafa ni. Wane alheri na yi wa Allah da ya ba ni ke sau biyu?

Ga wata murnar. Zaharaddini ya kira daga Abijan, ya ce a fara ginin sabon gida a filinmu na kan tudu, hanyar Galma, inda ruwa ba ya kwana. Ya ce ni zan zana shi yadda raina yake so. Ni, Tabawa! Ni da na kai shekara hamsin da takwas ina dangwala yatsa a takarda, kafin na zauna a ajin manya na yamma ina lanƙwasa baƙaƙe kamar mai koyon saƙar faifai. Na sami kaye, littafin rubutu mai gida-gida, na mai da kowane gida metir ɗaya. Kwana goma sha biyu ina zane ina gogewa, kuma duk layin da na ja, ke nake gani kina tafiya a kansa.

Zaure zai dubi yamma, don kada ruwan gabas ya riƙa dukan ƙofarsa. Tushe na dutsen Buza ne har gwiwa. Fuskar gidan za a shafe ta da siminti mai launin jar ƙasarmu, da zankwaye biyu a sama kamar na gidajen da, da dakali mai tsawo a gefen dama. Ɗakinki yana kudu, ya farin watana, da taga biyu masu kallon juna, don na san yadda zafin bazara ke sara miki kai. Ban sa masa matakala ba saboda gwiwoyinki. Madafi na kai shi can kusurwar da iska za ta kwashe hayaƙi ta bi da shi bayan gari, idonki ya sha hayaƙin da ya ishe shi. Magariyar nan da ke cikin filin, magini Shamsuddin ya ce a sare ta katanga ta miƙe. Na ce katangar ce za ta karkace, matata tana son magariya. A ƙarƙashinta za a zuba yashi mai laushi inda takwararki za ta koyi rarrafe. Ɗaki shida na zana, da rumfa a tsakiya inda zan riƙa zama da safe ina kallonki kina shiga kina fita.

Ina cikin wannan daɗi Dela maƙwabciyarmu ta dawo daga Karofan da saƙonki. Ta ce damina ta kwantar da gidan yayanki, yana zaune a bukkar zana, matarsa ta rasu, ɗiyansa sun watsu ba mai aike. Ta ce kin rantse ba za ki taka sabon gida ba sai an yi masa ɗaki a ciki, in kuwa ba a yi ba, can za ki zauna da shi har ɗayanku ya rufe ɗaya. Ya ƙayar aduwar da ta shige mini zuciya, haka za ki yi mini? Da wannan za ki auna ni?

Kin tuna kasuwar Bangi? Na sauke buhunan albasa tun safe, maƙogwarona ya bushe kamar fako. Duk rumfar da na roƙi ruwa, sai a nemo wani tsohon gwangwani a zuba mini daga nesa, don an san kakannina bayin Abzinawa ne. Ke kuwa, yarinya mai tallar fura, kika miƙo mini ludayin da kika gama sha da shi, kika ce in yi sauri rana na yi. Ba furar na sha ba ranar nan, ke na sha, har yau kuma ba ki fita daga jinina ba.

Ranar zauren gidanku fa, kin tuna ta? Ba ki gani da idonki ba, kina ciki, ni kuma ban taɓa ba ki labarin duka ba. Na zo gaisuwar iyayenki da wankakkiyar riga da rawanin aro. Yayanki, Mushe Idris kamar yadda masu jin Faransanci ke kiransa, malamin lakwal, wato makarantar boko, mai agogo a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa gaban dattawa goma sha. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce: "Irinku ba su shiga zauren nan a tsaye." Na dubi ƙofar, doguwa ce, raƙumi ma zai wuce. Na tuna ludayinki. Na cire rawani, na durƙusa, na shiga da gwiwa da tafin hannu kamar akuya, ina jin dariya a bayana. Mahaifinki, Allah ya jiƙansa, ya ba ni ke don kin ƙi cin abinci kwana huɗu. Yayanki kuwa bai zo ɗaurin aure ba. Kin haihu bakwai, bai zo suna ko ɗaya ba. Da muka binne ɗiyarmu Habsa tana da shekara uku, ya tsaya a titi ya aiko a kira ki, ya yi miki ta'aziyya a tsaye, ya ƙi ruwan da na aika masa. Na ga kin juya baya kina share ido da bakin zane. Ban manta komai ba.

To ki kwantar da hankalinki, ya tattabarata. Me kika taɓa roƙa na hana? Na sake buɗe kaye, na zana ɗaki na bakwai. Metir huɗu ne a tsawo, uku a faɗi, da taga, da daɓen siminti, da rufin da ba ya yoyo. Ba a bayan gida na jefa shi ba, ba kuma kusa da turken awaki ba. Yana tsakiyar gida, yana kallon rumfata kai tsaye. Zai ci abin da na ci, a kwanon da na ci, ya sha a moɗar da na sha. In ya yi ciwo ni zan kai shi likita. In ya riga ni, ni zan tsaya a sahun gaba.

Ƙofar ce kawai na zana da kaina ban shawarci kowa ba. Duk ƙofofin gidan metir biyu ne. Tasa metir ɗaya da taƙi. Shamsuddin ya ɗauka kuskuren ɗan ajin yamma ne, ya gyara mini lambar da fensirinsa, na goge na mai da tawa. Ya ce wannan ai ƙofar akurki ce, dattijo ba ya shigarta sai ya duƙa. Na ce na sani. Ya daɗe yana kallona, sannan ya naɗe awonsa.

Kowace safiya, Tabawa, ina zaune a rumfa, Adawiyya a cinyata, ke kina dama mini fura, yayanki zai fito neman ruwan alwala. Kansa ne zai fara fitowa, a sunkuye, yana fuskantata. Ba zan yi dariya ba. Ba zan tara masa dattawa ba. Zan ce masa ina kwana, in tambaye shi gajiya, da ladabi irin na suruki. Sau biyar a rana zai fito salla, sau biyar zai koma. Na lissafa, ko shekara goma Allah ya ara masa ba zai biya ni minti ɗayan nan na zaurenku ba, amma na yarda in karɓa da kaɗan-kaɗan.

Na san abin da za ki ce, ya mai taushin zuciya. Za ki ce ya tsufa, za ki ce Allah yana son mai yafiya. Liman ya riga ki faɗa mini. Na yafe wa farin da suka cinye mini gero, na yafe wa wanda ya ture mini iyakar gona, na yafe wa masu gwangwanin Bangi. Wannan na ɗaga ta, na juya ta, na kai ta masallaci na dawo da ita. Ta ƙi sauka. Ashe mutum yana iya son mace kamar ransa, ya kuma ƙi jinin wanda suka sha nono ɗaya? Yana iyawa, ga ni.

Kada ki yi mamakin da ban kira ki a waya ba. Waya kunnenki kaɗai za ta shiga. Na san ba ki karatun boko, na kuma san mutum ɗaya ne a bukkar nan yake yi. Ki ce masa ya ɗaga murya, kada ya tsallake layi, zan tambaye ki in kin zo. In ya ga kuskuren rubutu ya yi haƙuri, irinmu ba mu sami shiga lakwal da wuri ba.

Ki dawo, ya damina mai rayar da fako. Ki dawo kafin yarinyar nan ta fara gane fuskoki ba taki a ciki. Wa zai yi mata wankan kaka? Wa zai zauna ƙarƙashin magariyar da na karkatar da katanga dominta? Gidan da ba ki ciki kango ne ko an shafe shi da zinariya. Kin nemi ɗaki, na bayar. In ya ƙi shiga, shi ya raba ki da jikarki, ba ni ba.

Abu ɗaya ya rage, shi ya hana ni sukuni. Dela ta ce bayansa ya tanƙware sosai, yanzu da sanda yake tafiya yana kallon ƙasa. In haka ne zai wuce ƙofar nan bai ji komai ba. Shi ya sa na sa zare a cikin ambulan. Ki tsayar da shi jikin zana yadda yake tsayawa yanzu, ki auna daga ƙasa zuwa tsakar kansa, ki ƙulla, ki ba direban da ya kawo takardar nan. Gini ya riga ya tashi, Alhamis mai zuwa za a ɗora kan ƙofar, Shamsuddin zai rage taƙi ɗaya daga inda kika ƙulla. Hannunki nake so ya yi ƙullin, ya abar ƙaunata, don hannunki bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Naki ne ni jiya, naki ne yau, naki har ranar da za a shimfiɗe ni a ɗakin da ba shi da ƙofa,

Alƙasim