Ba ita ta ƙona hannun ƙaninta ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Admin a ɓoye sunana. Ku matso ku ji, don Allah ku ba ni shawara, maganar nan shekara goma sha huɗu tana cina.

A unguwar Briketeri nake, ina tuyar ƙosai a ƙofar gida, maigidana tela ne. Babbar 'yata tana shekara ta biyu a jami'a, ita ce ta farko a danginmu da ta taka can, ni ko firamare ban gama ba. Tana da shekara bakwai, wata safiya na bar kaskon mai a wuta na leƙa maƙwabta karɓo barkono, hira ta ɗauke ni, ni kuwa akwai surutu. Ita tana ɗaki tana neman takalmin makaranta, ban ce mata komai ba. Ƙaninta ya rarrafo ya tsoma hannu a man. Da babansu ya zo a guje yana tambaya, tsoro ya sa na ce ai ita na bar wa yaron ta tafi wasa. Ya dake ta. Ta yarda laifinta ne, wallahi har yau ta yarda.

Yatsu uku suka manne. Yanzu yaron ya girma, almakashi ya gagare shi, idon babansu kuma ya fara rauni. Satin jiya sai ga ta da akwati, wai ta bar karatu, za ta hau keken ɗinki a shagon babansu. Na yi faɗa, na ce ke kin haukace ne, ta ce Mama hannun da na ɓata zan maye. Babanta ya sa mata albarka, wai ta san nauyinta. Ta ɗauka ba na jin Faransanci, amma na ji ta a waya tana gaya wa ƙawarta duk sanda ta riƙe biro sai ta ji kamar hannun ƙaninta ta sata.

Sau uku ina kiranta kicin, in na buɗe baki sai in ce miƙo min gishiri. In na faɗa, ban san da wane ido za ta sake kallona ba, babansu kuma mutum ne da ba ya yafe ƙarya. In na yi shiru, ranar Litinin za ta fara ɗinki, har ta raba littattafanta.

Ku da kuke da 'ya'ya, ta ina uwa take fara irin wannan maganar?