Hedimasta Yana Yagar Takarda

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Da hagu nake rubutu. Da a ce ɗalibi ne ya kawo mini irin wannan rubutun lokacin ina hedimasta, da ya sha bulala.

Tun da ciwon nan ya shanye mini ɓarin dama ban taka ƙofar gida ba. Likita ya ce yatsun sai da motsi. Suwaiba ta ɗauki hutu daga makarantar da take koyar da zane a Yelwa, ta zo Wara jinyar ubanta. Ta zube mini tsoffin jaridu, bayan ta tsince duk mai sunan Allah ta ware. "Baba, yaga za ka yi ta yi, ƙanana-ƙanana, da dama." Ni, da furfurata.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na yaga. Takardar tana zamewa, miyau yana zubo mini ta gefen baki. Na ce a saki labule.

Asabar, 11 ga Mayu

Ashe sabuwar takarda za a yi da yagaggen. An jiƙa shi ya kwana, uwarta Kande ta kirɓa a turmi kamar fura, aka dama a baho. Suwaiba ta ɗaure yankin gidan sauro a jikin wani katako mai kusurwa huɗu. A tsoma, a ɗago a hankali, ruwa ya tsane, a kife kan tsohon zane ya sha iska. Bawon albasa ya ba da launin ƙasa, zoɓo ja, bular wanki shuɗi. Duk yarinyar ta iya. Ban gaya mata ba.

Juma'a, 17 ga Mayu

Almustapha ya biyo daga masallaci. Tare aka yi mana kaciya da shi, tare aka kwaso mu cikin jirgi da ruwan Kainji zai ci garinmu. Na ce wa Kande ta ce ina barci. Na ɗaga murya ban sani ba. Na ji ya ce, "To, in ya tashi a gaishe shi," na ji takalminsa yana nisa.

Ban ci tuwo ba.

Talata, 21 ga Mayu

Yau na yi abin da bai kamata ba. Katakon ya suɓuce mini har ya kife, Suwaiba ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba, na sani. Na tunkuɗe bahon da ƙafa ya jiƙa ta sharaf. Na ce ta mai da ni ɗan aji ɗaya, ta tattara shararta ta koma inda ake biyanta don wasan yara. Ta durƙusa tana kwashe dagwalon da hannu, hijabinta yana ɗiga.

Kande ta dube ni kawai. Gara ta yi faɗa.

Laraba, 22 ga Mayu

Ta koma Yelwa da safe. Ta gaishe ni daga bakin ƙofa. Kayan duk ta bar su, har ƙaron da take jiƙawa na liƙi.

Lahadi, 26 ga Mayu

Zaman ya ishe ni. Na jawo busassun takardun na yayyaga, ina liƙawa a bayan kwali. Shuɗi a ƙasa, na albasa a sama. Ban nufi komai ba, sai na ga bakin gulbin tsohon garinmu ne. Na sa ɗakin Inna, na sa rumbu, na sa tsamiyar da ake ɗaure jirage. Ba wanda ya taɓa ɗaukar garin nan hoto.

Da dama na riƙe 'yan guntayen. Sai daga baya na lura.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na kama wayar zan kira ta, na ajiye. Me zan ce?

Juma'a, 7 ga Yuni

Almustapha bai tsaya sallama ta biyu ba, ya ɗaga labule ya shigo. Ya same ni dumu-dumu, ƙaro har gemu, zane ɗaure a ƙirji kamar mai jego. Na so ƙasa ta tsage. Na fara jan tabarma in rufe kwalin, ya taka ta.

Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Sa'idu, wa ya ce maka tsamiyag ga nan take? Gabas ga masallaci take."

Na ce yamma. Ya ce gabas. Muka yi ta yi har Kande ta leƙo ta ga ko lafiya. Ya zauna ya naɗe hannun riga ya ce in ba shi ja, zai sa gidansu, tunda na manta da su. Hannunsa ma rawa yake, ban taɓa lura ba. Maganar barcin nan bai tayar ba. Da zai tafi na ga yana goge ido da hula.

Asabar, 8 ga Yuni

Na kira. Na ce shuɗi ya ƙare, yaya ake haɗa bular? Ta yi bayani tiryan-tiryan. Na ce, "Ki yi haƙuri, Suwaiba." Ta ce, "Haba Baba, wallahi ba komi." Muryarta ba ta ba-komi ba ce. Ta ce tana nan tafe da Sallah.

Laraba, 12 ga Yuni

Rigimar tsamiya ta ƙi ƙarewa. Almustapha ya ce Gwaggo Hussaina tana nan da ranta a unguwar masunta, ita za ta raba mu, amma ba ta iya tafiya. Gobe da hantsi zai zo da mai Keke Napep. Ta tsakiyar kasuwa hanyar ta bi, kowa zai ga bakin nan da ƙafar nan.

Ba fita zan yi ba. Tambaya ce kawai zan je in yi in dawo.

Na ce Kande ta goge mini farar rigar.