Na Karɓe Mata Alli a Gaban Ɗalibanta

Gwaggo mai shawara, don Allah ki taimake ni. Na yi abin da na kasa faɗa wa kowa a wurin aiki, ga shi ran Alhamis ake jiran rahotona.

Shekara goma sha tara ina koyarwa a firamare kafin a yi mini ƙarin girma. Yanzu aikina in bi makarantu, in zauna a bayan aji in ga yadda malami yake koyarwa, in an tashi in ba shi shawara, sannan in rubuta rahoto. Babbar dokar aikin, wadda ni da bakina nake koya wa sababbi, ita ce mai duba darasi ba ya magana a aji. Ko kuskure malami ya rubuta a allo, haɗiyewa za ka yi har yara su fita.

Aka ba ni ofis da kujera mai juyawa, kowa yana taya ni murna. Amma Gwaggo, ni ban taɓa barin aji ba. In na zauna a bencin ƙarshe, gwiwoyina suna dukan tebur, rana ta shigo ta taga ƙurar alli tana yawo a cikin hasken, shi ke nan na tafi. Sai in gan ni a tsohon ajina, mai tagar nan da ba ta rufuwa, ina jin muryoyi arba'in suna maimaita abu ɗaya. Ko wanke-wanke nake yi sai in tsinci kaina ina kiran rajistar yaran da yanzu wasunsu sun yi aure. Maigidana cewa yake saura kaɗan in fara ba kajin gidan aikin gida.

Mako biyu da suka wuce na je duba wata sabuwar malama a aji huɗu. Watanta biyar da fara aiki, tana lokacin gwaji, kuma da rahotona za a tabbatar da ita ko a sallame ta. Tana koyar da rabi da kwata. Wata yarinya ta tambaya me ya sa kwata ya fi rabi ƙanƙanta alhali huɗu ta fi biyu. Baiwar Allah ta daburce, ta maimaita abin da ke littafi, ta sake maimaitawa, muryarta tana yin ƙasa. Ni kuma wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Na dai ga alli a hannuna. Takardar da ya kamata in cike da maki, ita na ninke na yaga biyu, na sake yagawa huɗu, na ɗaga musu. Ajin ya ɗauki sowa. Minti ashirin na yi ina koyarwa, rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta. Da na juyo, tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu tana murmushin dole. Har godiya ta yi mini.

Shugabar makarantar ta ce tun ranar yara ke tambayar yaushe malamar takarda za ta dawo, wata ma ta faɗa wa malamarsu ido da ido cewa ba haka waccan ta yi ba. An ga malamar tana kuka a ɗakin malamai. Sai shugabar ta ƙara da wasa, wai in ajin ya zama babu kowa ai nawa ne. Wasan nan ya zauna mini a rai. Na riga na shirya ajin a kaina, na san inda zan rataye taswira, na san wa zan dawo da shi bencin gaba.

Gaskiya darasinta bai yi kyau ba. In na rubuta haka, aikinta ya tafi. In na sassauta, na cuci yara. Kuma na kasa gane ko gaskiya nake gani ko ajin nake so. Yaya zan yi?

Malamar bencin baya

*

'Yar'uwa, sannu. Na ji tausayinki, na kuma yi dariyar kajin nan. Wanda ya yi shekara goma sha tara a gaban allo ba kujera mai juyawa ce za ta raba shi da shi ba, kuma kewar aji ba laifi ba ce. Yarinyar da ta yi tambaya ta samu amsa mai kyau, wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

Amma kin yi kuskure, kin kuma sani. Darasin da za ki rubuta rahoto a kansa, rabinsa naki ne. Ba ki ga ko za ta farfaɗo ba, don ba ki bar ta ba. Ke a watanki na biyar, da wata babba ta karɓe miki alli, da yanzu wace sana'a kike yi?

Kada ki sa hannu ran Alhamis. Ki je wurin shugabanki ki faɗa masa abin da ya faru da bakinki, ki nemi a tura wani abokin aikinki ya sake duba ta nan da wata guda. Tunda har kin fara rataye taswira a ajinta, alƙalamin hukunci bai kamata ya zauna a hannunki ba. In bayan an taimake ta ba ta iya ba, sai wani ya rubuta, ke kuma ko an miƙa miki ajin nan ki ce a kai kasuwa.

Kafin nan ki same ta ita kaɗai, ki ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba. Ki zauna da ita ku shirya darasi na gaba tare, ki ba ta dabarun nan naki duka, don aikin da aka ɗauke ki ke nan. Ranar da za ta koyar, kada ki shiga. Yaran suna buƙatar su ga abin mamaki ya fito daga hannun malamarsu.

Batun kewarki kuwa, ki nemi a ba ki darasi ɗaya a mako a wata makarantar da ba ke kike duba ta ba. Za a iya hana ki, amma ki tambaya. In kuma kin ga ofis ba zai taɓa zaunar da ke ba, ki nemi komawa aji ta ƙofar gaba, ba ta kan aikin 'yar mutane ba.

Ki je wurin malamar gobe da safe, kafin ta rubuta takardar ajiye aiki da kanta. Allah ya ba ki ƙarfin gwiwar buɗe baki, ya sanyaya zuciyarta, ya ba ki ajin da ba sai wata ta yi kuka za ki same shi ba.

Taki,
Gwaggo