Kogin da na gani cikin ƙirjina

Zuwa ga Hajjo, matata, wadda ta riga ni gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina cikin ni'imar Ubangiji.

Kin san rumbunmu na bayan ɗaki. Da kaka ta yi, na hau in jera dammunan gero da kaina, don yaran yanzu jifa su kai, ba jeri ba. Tsani ya zame, na faɗo bisa turmi ta haƙarƙarin dama. Mai ɗori ya ɗaure ni da rawani, ya ce ƙashi ne kawai. Amma numfashi ya yi ta gajarta, kamar ina jan iska ta cikin kara. Ɗanmu Umaru ya cusa ni mota daga Lahodu sai asibiti, ina faɗa har munka isa.

Likitar mace ce, ba ta kai ƙanwar Umaru shekaru ba. Ta ce ba ni da ƙarfin zuwa ɗakin hoto, hoton ne zai zo bakin gadona. Da anka turo na'urar sai na gane ta: irinta ce anka ɗora wa matar Umaru sa'ad da take da ciki. Na ja riga na rufe. Na ce, "Ke ɗiyata, mi kike biɗa? Ni da gemuna, cikin wata nawa gare ni?" Ta ce, "Baba, in munka ga tagwaye, ni za ni raɗa suna." Umaru bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, leɓɓanka sun canza launi."

Ba kunya kaɗai ba ce, Hajjo. Gadon ya fara lilo da ni, ina jin ƙamshin hurarki mai citta. Na ga kamar in na ƙi gwajin, sai in lumshe ido in iske ki.

Umaru ya ɗage rigar. Ta shafa wani mai mai sanyi, ta ɗora kan na'urar, ta fara da hagu. Wallahi kogin Rima na gani cikin gilashin na'urar: ruwa na tahiya yana dawowa bisa rairayi, kamar ranar da munka tsallaka zuwa wurin gwaggonki ta Goronyo, kin tattare zane, kina tsoron kifi. Ta ce huhuna ne ke gogar haƙarƙari, haka mai lahiya yake yi.

Da ta koma dama, babu abin da ya motsa. Layuka kwance, kamar kunyoyin gonar da mai ita ya yi ƙaura. Ta ce iska ce ta tsere ta zauna tsakanin huhu da haƙarƙari, ta danne shi har ya lanƙwashe. Sai an sa roba an fidda ta, yanzu.

Na ce ta maido na'urar hagu. Na tsaya ina kallon ruwan nan, yana aikinsa bai biɗi shawarata ba. Sai na tuna kin sha cewa, "Kai ko mutuwa ta zo, sai ka yi mata gardama." To, na yi mata. Na ɗaga hannu anka huda ƙarƙashin hammata, iskar ta riƙa kumfa cikin wata kwalbar ruwa da anka haɗa da robar.

Kafin a sallame ni ta sake ɗora na'urar. Ruwa ya komo gefen dama, sannu sannu.

Ki yi haƙuri, Hajjo, zan ƙara jinkiri. Allah ya yalwata makwancinki, ya sanyaya shi, ya haɗa mu a inuwa ɗaya in lokacin ya yi da kansa.

Naki har gobe,
Buba