Kiyashi a Kan Katifa

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, ya aiki da zafin rana? Mu nan sai godiya. Na ba direban kamfaninku wannan takarda tunda waya ba ta shiga dajin da kuke shimfiɗa hanya.

Na je gidan Shugaba duba 'yarka Tsuntsuwa. Ka dai san babbar yayarmu. Ta yi ritaya daga shugabancin makarantar kwana, amma har gobe da ƙararrawa ake cin abinci a gidanta, makullai na kaɗawa a ƙugunta kamar mai gadin kurkuku.

Abin da na fara gani katifar yarinyar ce, an jingine ta daidai ƙofa inda duk mai shigowa zai kalla. Yarinyar da ta bar fitsarin kwance tun mahaifiyarta na da rai, yanzu ta koma. Da rana ma ba ta zaunuwa, har malaminsu ya aiko cewa ta ishe shi da neman izinin zagayawa. Ruwa kuwa tana ajiye kofi tana neman wani. Shugaba ta yi nazari irin nata na manyan masana, ta gano cewa sangarta ce. Magani kuma, daga la'asar ba ruwa. Ta sa wa firij kwaɗo, ta kwance kan famfo ta jefa a jakarta.

Sai ta ja ni ta nuna min kiyashi sun yi layi a kan katifar, tana hura hanci. Wai kiyashi ba ya bin banza, yarinyar satar sukari take ta sha a kwance, kuma ita ta kama irinta ba iyaka a makaranta. Gwangwanin sukari yanzu a ɗakinta yake kwana. Bai ragu ba, amma wannan ma a wurinta hujja ce cewa ɓarauniyar ta ƙware.

Yaya, ni ban san abin da ke damun Tsuntsuwa ba. Wata maƙwabciya ta ce sanyi ne, wata ta ce zafin gari. Abin da na sani, rigar da na ɗinka mata lokacin tafiyarka yanzu lilo take a jikinta, leɓɓanta duk sun tsage. Na ce mu kai ta asibiti. Shugaba ta tuna min cewa yaran da suka bi ta hannunta sun fi gashin kaina yawa, ni kuwa ko ɗaya ban haifa ba. Na haɗiye, amma ya yi min ciwo.

Kai ka ba ta amana, maganarka kaɗai za ta ji. Ka aiko mata a kai yarinyar nan asibiti. Ka gaida abokan aiki.

Ƙanwarka,
Auta

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kana kuma samun ruwan sha duk lokacin da ka so.

Saƙonka ya iso ta bakin direba, cewa Shugaba ta fi mu sani, kar in tayar da fitina. Na gode. Tun muna yara haka kake, in ta yi tari sai ka miƙe tsaye.

Daga asibiti nake rubuto maka. Na koma gidan ne na tarar da Tsuntsuwa durƙushe tana shan ruwan bokitin goge-goge. Tana miƙewa ta yi amai, numfashinta na fita da ƙyar. Shugaba na zaune da tabarau a karan hanci, ta ce dabarar gudun jarrabawa ce, ta san irinta. Ban tsaya neman izinin kowa ba, na saɓa yarinyar a kafaɗa na tari mota. Ko nauyin kirki ba ta da shi.

Likita ta ce yawan ƙishi da yawan fitsari na da dalilai daban-daban, akwai ciwon mara, akwai na ƙoda, akwai wasu magunguna. Na Tsuntsuwa ciwon sukari ne, irin wanda ke kama yara. Sukari ya taru a jininta, jiki na fitar da shi ta fitsari, yana janye ruwan jikin tare da shi, shi ne ƙishin da ba ya yankewa. Abin da kiyashin ke bi ke nan. Da na faɗa wa likitar dokar la'asar sai ta ajiye biro ta daɗe tana kallona, har na ji kunyar cewa ni da Shugaba 'yan uwa ne. Ta ce da mun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Shugaba ta zo dubiya da babban mayafinta. Ta gyara wa nas yadda ake shimfiɗa zanen gado, ta duba ƙurar taga da yatsa, sannan ta sanar da mutanen ɗakin cewa ita dama tun farko ta ce akwai sukari a maganar. Ba ta kalli yarinyar ba. Da za ta tafi ta tambayi ranar sallama don ta sa a wanke katifa. Na ce ta bar wa kiyashin, su sun riga ta gane ciwon.

Tsuntsuwa ta farfaɗo. Ana koya min yadda zan riƙa yi mata allura kullum, kuma gidana za ta koma. Wannan sanarwa ce, ba izini nake nema ba. Na ajiye mata gorar ruwa a gefen gado, amma ba ta taɓawa sai ta tambaye ni ko an yi la'asar. In ta ji takun takalmi a waje, sai ta tura kofin ƙarƙashin bargo.

Ba ta tambayi allura ba, ba ta tambayi ciwon ba. Abu ɗaya ta roƙa, in rubuta maka cewa ba ta taɓa sukarin ba. Na ce mata ka sani, ba ka taɓa yarda ba. Ka zo ka faɗa mata da bakinka, kar ka mai da ni maƙaryaciya.

Tana gaishe ka.

Ƙanwarka,
Auta