Na Sauko Da Hotunanmu Daidai Idonka

Zuwa ga Dogona, inuwar da nake fakewa in rana ta yi zafi, ruwan sanyin da ke kashe mini ƙishi, hasken da ke riga hantsi shigowa ɗakina. Mijina, abokin faɗana, wanda duk duniya babu mai iya ɓata mini rai ya kuma wanke shi da murmushi ɗaya sai shi. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta yi kewa har kewar ta gaji da ita. Yaya jiki? Yaya bayan naka? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ɗauki biro ne saboda ka hana ni kunnenka. Tun ranar da tsani ya zame da kai a wurin aiki, likita ya ce ƙafafun nan ba za su sake ɗaukarka ba, in na shigo ɗakin asibiti sai ka juya fuskarka bango. In yi magana, ka yi shiru. In kawo abinci, ka ce ka ƙoshi. Sai ga Yaya, babban wanka, ya zo har gida kwanakin baya, ya ɗosana a bakin kujera yana juya makullin mota a hannu, ya ce wai ka ce in an sallame ka gidansa za ka wuce, ni kuma in koma wurin iyayena in huta, don ba ka so ƙuruciyata ta ƙare a ɗaga mutum da kwantar da shi. Haba Dogo! Ni ka aiko wa wannan saƙo? Da bakin wani kuma? Wallahi na ji zafi, na yi kuka har Yaya ya rasa inda zai sa idonsa. Da na share hawaye sai na ce masa, “Yaya, ka gaya wa ƙaninka na ji, kuma ban yarda ba.”

Na ƙare wa bangon asibitin nan kallo, wanda ya ƙwace mini idonka. Me ke jikinsa? Fenti ruwan toka da wata tsaga da ta gangaro daga sama. Shi ke nan! Shi ya fi fuskata, Dogo? To na ji. Tunda bango ranka yake so, na sha alwashi a duk garin nan ba za a sami bangon da ya fi na gidanka daɗin kallo ba, kuma na riga na kama aiki.

Ka tuna ranar da muka shigo gidan nan? Kaya ko'ina, kwalaye har bakin ƙofa, kai kuma ka cika baki da ƙusoshi, guduma a hannu, kana bin bango kana rataye-rataye ba tare da ka taka ko kujera ba. Ina bayanka ina cewa ƙasa kaɗan, ƙasa kaɗan, kana amsa mini ta tsakanin ƙusoshi wai ai nan ne daidai ido. Idon wa? Idon raƙumin dawa? Agogo ka kai shi kusa da silin, hoton aurenmu ya koma can sama kamar farin wata, sai na ɗaga kai har ɗankwali ya zame kafin in hango fuskata. Da na tura baki na ce ni ba da ni aka ƙawata gidan nan ba, sai ka ajiye guduma, ka kama ni a kugu ka ɗaga ni cak, ka ce, “To duba, gajeriya, ki ƙoshi.” Ina ta wutsil-wutsil ina cewa ka sauke ni, kai kuwa kana dariya har ƙusa ta faɗo daga bakinka. Wayyo, Dogo! Ko yanzu na rufe ido ina jin ɗumin tafin hannunka a wurin. Haka na yi shekara da shekaru ina kallon adon ɗakina daga ƙasa, ban taɓa cewa zan bar maka gidan ba.

Keken guragun da likita ya ce a tanada, wanda ka hana a ambaci sunansa a gabanka, ya iso gida. Ban jingine shi a lungu na rufe da zane ba. Shiga na yi na zauna. Na tura kaina daga ƙofar falo zuwa ɗakin kwana, na bugi teburi, na goge gwiwar hannu a jikin ƙofa, na kusa kifar da tukunyar fure. Sannan na ɗaga ido. Ka san abin da na gani? Gindin firam ɗin hotuna, da ƙura, da bango tsirara. Duk wani abin kyau da muka tara ya maƙale can sama, ya fi ƙarfin idon mai zama. Nan take na ɗauko allin ɗinkina, wanda nake zana wuyan riga da shi, na bi bango ina jan layi daidai inda idona ya sauka. Sai na tuna ko a zaune ka fi ni tsawo, abin haushi, na goge na ƙara taƙin hannu guda. Daga nan na hau kujera na sauko da komai.

Kada ka so ka ga yatsuna yanzu. Guduma ta san da zamana, babban yatsana ya yi baƙi, ƙusoshin da na lanƙwasa sun isa a buɗe shago. Mai gidan da muke haya ya jiyo bugu ya leƙo, ya ga tsofaffin ramuka a sama ga sababbi a ƙasa, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai idonsa ya faɗa kan keken. Ya haɗiye maganarsa ya fita, ya dawo da ragowar fenti a gwangwani ya ce in shafe na saman. Na shafe su da hannuna.

Yanzu bari in ba ka labarin da zai faranta maka rai, don na san babu abin da kake so irin a ce ka yi gaskiya. Hoton kogin nan da muka saya a bakin titi, mai kwalekwale a tsakiya, wanda muka sha musu a kansa: kai ka ce mutum biyu ne a ciki, ni na rantse mutum ɗaya ne da buhu. Da na sauko da shi na goge gilashin, na zuba masa ido sosai. Dogo, mutum biyu ne. Namiji a baya yana tuƙi, mace a gaba ta juyo tana kallonsa. Na yi dariya ni kaɗai, sai dariyar ta juye kuka, don na lura duka biyun a zaune suke, kwalekwalen kuma bai fasa tafiya ba. Na rataye shi a gaban gado, ta ɓangarenka. Na kwanta a kan filonka na gwada, shi ne farkon abin da idonka zai gani da safe, in ka cire ni.

Na je kasuwa neman abin da zai cike bangon falo. Duk hoton da mai shago ya ɗaga mini sai in tsuguna in kalle shi daga ƙasa. A na farko ya ƙyale, a na biyu ya ƙyale, a na uku ya kasa haƙuri ya ce, “Baiwar Allah, wani abu ne ya faɗi?” Na ce masa babu abin da ya faɗi, idon maigidana na aro. Ya nuna mini zaki ya hangame baki, na ce muna da mai gurnani a gida. Ya nuna mini tsaunuka masu ƙanƙara, na ce sanyin da nake ciki ya ishe ni. Ya kawo furanni a kwalba, na ce wannan na masu dubiya ne, mu kuwa mun gama da asibiti. A ƙarshe na ɗauki hoton wata bishiya mai faɗin rassa, tsuntsaye sun cika ta, ƙarƙashinta inuwa luf. Mai shagon ya naɗe mini ita a jarida, har na fita yana bi na da kallo.

Yaya, Allah Ya saka masa da alheri, ya ba ni shawara in ɓoye duk hoton da kake tsaye a ciki, kada su riƙa fama maka ciwo: na aurenmu, da wanda abokin aikinka ya ɗauke ka kana saman tsani, waya a kafaɗa, kana ɗaga wa duniya hannu. Na saurare shi da ladabi, na kuma ƙi. In ɓoye su a ce me? Mutumin da ke cikinsu rasuwa ya yi? Ba shi ne yake kwance can yana yi wa matarsa taurin kai ba? Na aurenmu yana falo, inda duk wanda ya zauna zai haɗa ido da shi. Na tsanin kuwa, ban rataye shi ba. Shi kaɗai na jingine a kan teburi. In ka zo ka ce a rataye ko a ajiye, abin da ka faɗa shi za a yi. Kalandar shagon kayan wutar nan da kake ji da ita, wadda shekararta ta wuce tun tuni, na so in yi amfani da wannan dama in sallame ta. Na kai ta har bakin kwandon shara, na dawo da ita na rataye. Ka ga irin son da nake maka?

Sai dai akwai abin da ya gagare ni. In mutum yana zaune, hasken kwan fitila yana faɗowa kan gilashin hotunan ya shafe fuskoki, ƙyalli kawai ake gani. Makunnan wutar da ka haɗa da hannunka kuma duk suna can inda tsawonka ya ga dama. Maƙwabta sun ce a kira wani ya gyara. Wani? A gidan mai gyaran wuta? Ban yarda ba, kuma ba zan yarda ba. Kayan aikinka suna cikin jakarsu, hannuwanka lafiyarsu ƙalau, kanka ma haka in ka cire taurinsa. Abin da ke sama ni zan hau in yi kana faɗa mini, abin da ke ƙasa naka ne. Kada kuma ka ce mini mai zama ba ya aiki. Ni da ka aura a zaune nake wuni gaban keken ɗinki, ban taɓa ji ka ce na zame maka kaya ba.

Ya sanyin idona, wa ya gaya maka ƙafafunka na aura? Muryarka fa? Dariyar nan taka mai girgiza kafaɗa fa? Yadda kake kiran sunana daga ƙofa tun kafin ka cire takalmi fa, shi ma tsani ya karya shi? Ban ce zai yi sauƙi ba. Za a yi ranakun da zan gaji, bayana ya yi ciwo, ka yi mini tsawa in rama. Na sani. Na auna shi kamar yadda nake auna yadi kafin in sa almakashi, kuma na riga na yanka. Gajiyar da zan yi kusa da kai ta fi mini hutun da ka aiko mini sau dubu. Gidan nan ba kai ya zama gonar da damina ta tsallake, ni kuma ina son ka, son da bai ragu ba ko kaɗan, ina kuma jin tsoron rasa ka alhali kana raye.

Abu na ƙarshe da na rataye shi ne madubi. Na bayar da wancan dogon siririn, na sayo mai faɗi na kafa shi daidai mai zama. Yanzu duk wanda ya tsaya a gabansa ba ya ganin kansa sai daga ƙirji zuwa ƙasa. Ni ma sai na jawo kujera na zauna nake ɗaura ɗankwali. Kowace safiya fuskata tana rabi ɗaya, ɗaya rabin babu kowa sai labule, kuma na gaji da kallon labulen nan, Dogo.

Ranar da za a sallame ka zan zo da wuri, in tsaya a bakin ƙofar asibiti kusa da motar Yaya. In ka ce gida, mu tafi gida. In kuma ka dage sai gidan Yaya, to ka faɗa masa tun yanzu ya kwashe abin da ke bangon ɗakin baƙinsa, don a kujerar baya za ka same ni, madubin a kan cinyata.

Taka jiya, taka yau, taka har numfashi ya ƙare,
Matarka, wadda ba ta zuwa ko'ina.